Ko Ka Sani? Kalkuletar da Ke Zana Aljabra

Ko ka san akwai kalkuletar da za ka rubuta mata y = x², nan take ta zana maka lanƙwasasshen layinsa a fuskarta? Kamfanin Casio na Japan ne ya fara fito da irinta kasuwa a 1985, mai suna fx-7000G, sai Texas Instruments na Amurka ya biyo da TI-81 a 1990. Wasu malaman lissafi biyu na Jami'ar Jihar Ohio, Bert Waits da Franklin Demana, su ne suka dage wajen shigar da ita aji. Hujjarsu ita ce, ɗalibin da ya ga layi ya ratsa sifili da idonsa ya fi saurin gane abin da ake nema.

To amma na'urar nan ba ta san aljabra ba. Fuskar TI-83, wani samfurin Texas Instruments, ɗigo 96 ne a kwance, 64 a tsaye. Tana bi ne ɗaya bayan ɗaya daga hagu zuwa dama: ta ɗauki x, ta lissafa y, ta ɗiga, sannan ta haɗa ɗigon da na bayansa, kamar mai dashen albasa a kunya. Abin da ke tsakanin ɗigo biyu kuwa, ba ruwanta.

Nan ne take yin ƙarya. Ba wa tsohon samfurin y = 1/(x − 1). Idan x ya zama 1 babu amsa, tunda ba a raba lamba da sifili. Ita kuwa sai ta tsallake wurin, ta haɗa ɗigon da ke can ƙasa da wanda ke can sama, ta tsaga miƙaƙƙen layi a inda babu komai. Ɗalibi ya kwafe abinsa cikin takarda hankali kwance! A ganina, malami mai basira da wannan layin bogi zai buɗe darasi, ya ce wa ɗalibai su kama na'urar da laifinta.

Wani abin mamaki, TI-84 Plus ta 2004 tana aiki ne da ƙwaƙwalwar Z80 da aka ƙirƙiro tun 1976, kuma ta daɗe tana haura dala 100, don ita ake yarda a shiga ɗakin jarrabawa da ita, ba waya ba. Yanzu manhajar Desmos tana yin wannan aiki kyauta, har an saka ta cikin jarrabawar SAT ta kwamfuta. In kana da waya, rubuta wa Desmos y = 1/(x − 1) ka gani.