Tasirin Shugabanci ga Cinikin 'Yan Kasuwa: Misalin Kasuwar Maigatari

Kasuwar Maigatari, wadda ke ci kowace Alhamis a bakin iyakar Nijeriya da Nijar, tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na ƙasar Hausa. Ribar mai sayarwa a nan ba ta dogara ga kyan hajarsa kaɗai ba, har da tsarin da shugabanni suka shimfiɗa.

Sarkin Kasuwa ke kula da rabon rumfuna da sasanta rikici. Idan aka ware wa kowace haja ɓangarenta, hatsi daban, bisashe daban, mai saye yakan sami abin da yake nema ba wahala. A kara kuwa, dillali ke ƙulla ciniki, ya karɓi la'ada, ya kuma tsaya shaida cewa dabbar ba ta sata ba ce. In aka ƙyale tauye mudu da haraji barkatai, baƙi sukan ƙaurace, ciniki ya mutu.

Sai dai wani abin ya fi ƙarfin shugabannin. Rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 ya rage shigowar dabbobi daga Nijar.

Aiki: Ziyarci kasuwar garinku, ka bayyana ayyukan shugabanninta.