Bayan BAK: makarantun koyon aiki, wata hanya banda fakilte

Da zarar sakamakon BAK ya fito, tambayar da ke zagaya gidaje ita ce: yaro zai tafi fakilte, ko akwai wata hanya? Akwai. Ita ce ta manyan makarantun da ke koyar da aiki da hannu, ba karatun littafi kawai ba.

A Nijar, waɗanda aka fi sani su ne cibiyoyin IUT na Maraɗi, Tawa da Damagaram. Sun fara karɓar ɗalibai a 2008, kuma a kansu aka gina jami'o'in waɗannan birane a 2010. Kowace da fanninta: Maraɗi ta shahara da gine-gine da lantarki, Tawa da tafiyar da kamfanoni da kasuwanci, Damagaram da tsara birane da awon filaye. A Yamai, EMIG na horar da injiniyoyi da ƙwararrun ma'adinai da masana'antu, ENSP kuma ma'aikatan kiwon lafiya.

Bambancin yana cikin tsarin karatu. A fakilte, ɗaruruwan ɗalibai na sauraren malami guda a babban zaure. A IUT aji ƙarami ne, ana shiga ɗakin gwaji, kuma dole a yi sitaj a kamfani ko ma'aikata. Bayan shekara 2 ɗalibi na samun DUT; in ya ƙara 1, ya samu lisans ta sana'a. Ga iyalin da ke jiran ɗansu ya fara kawo na cefane, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai gurabe kaɗan ne, kuma ana duba makin ɗalibi kafin a ɗauke shi. Shi ya sa da yawa ke komawa makarantu masu zaman kansu da ke shirya BTS. A nan ne ya kamata uwaye su buɗe ido kafin su zuba kuɗi. Makarantar na da izinin gwamnati? Ɗalibanta na zauna jarrabawar BTS ta ƙasa? Akwai kayan aiki da wurin sitaj, ko allo da alli ne kawai?

Takardar da hukuma ba ta amince da ita ba, ba ta shigar da mai ita gasar ɗaukar ma'aikatan gwamnati. Gara a tambaya tun kafin rajista.