Tarin Bidiyon Shata da Takwarorinsa: A Saya Ko A Bari?

A shagunan masu tura waƙoƙi na Tirkaniya da Nasarawa da Kakuri akwai wata haja da ba ta yin kwantai, wato tarin bidiyon tsofaffin mawaƙa. A 'yan shekarun baya faifan DVD ne a cikin leda, da hoton Alhaji Mamman Shata a bango. Yanzu an fi cika wa mutum memori ko filas da Shata da Ɗanmaraya Jos da Musa Ɗanƙwairo da Barmani Coge, a ce masa ga su nan duka, ba a bar komai ba. Masu saye galibi manya ne, kuma da dalili. Wannan ɓangare na kudancin kogin Kaduna ya cika ne da ma'aikatan masaƙu tun da aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri a 1957, wasu suka biyo bayanta. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya a 2007, amma mutanen da suka yi ƙuruciyarsu suna tashi daga aiki suna kunna Rediyon Kaduna da yawansu suna nan. Su da 'ya'yansu masu son faranta musu ne kasuwar wannan haja. To, shin ta cancanci kuɗin da ake ba da wa?

Kafin amsa, yana da kyau a san yadda ake yin irin wannan tari a inda aka ɗauke shi sana'a. Rukunin mawaƙan Ingila da ake kira Beatles sun watse a 1970. A 1995 aka nuna tarihinsu a talabijin da sunan Anthology, a 2003 kuma aka fitar da shi a akwati mai faifai biyar. A wannan shekarar ce wani rukunin, Led Zeppelin, ya fitar da faifai biyu masu ɗauke da wasa na fiye da awa biyar, an jera shi bisa shekaru: na Royal Albert Hall a 1970, na Madison Square Garden a 1973, na Earls Court a 1975, na Knebworth a 1979. Mai kaɗa musu jita, Jimmy Page, shi ya tsaya a kan aikin da kansa. A 2021 mai shirya fim Peter Jackson ya tace fim na kusan awa 60 da aka ɗauka na Beatles a Janairun 1969, ya wanke hoton da sautin da kwamfuta, ya fitar da Get Back mai kusan awa takwas. Duk da wannan wahala, masoyansu a can ba su daina gardama ba a kan ko akwatunan sun cancanci tsadarsu, musamman ga wanda ya riga ya mallaki tsofaffin faifan. Abin da mai saye yake biya a can shi ne aikin da aka yi: an koma ga ainihin fim ɗin farko, an gyara, an rubuta rana da wuri, kuma wani kaso na kuɗin ya tafi ga masu waƙa ko magadansu.

Namu tarin ba a yi masa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuma matsalar ta faro ne daga tushe. Talabijin ta zo Kaduna a 1962 ƙarƙashin kamfanin watsa labarai na Jihar Arewa, daga baya NTA ta gaje ta bayan kafa ta a 1977. Hotunan tsofaffin mawaƙa masu motsi daga wurare biyu suka fi fitowa: shirye-shiryen gidajen talabijin irin na Kaduna da Kano da Sakkwato da Jos, da kuma masu ɗaukar bidiyon biki da naɗin sarauta, waɗanda suka yawaita daga shekarun 1980. Kaset ɗin talabijin yana da tsada a wancan zamani, saboda haka a ko'ina a duniya akan goge shiri a ɗora wani a kansa. BBC da kanta ta goge wasan da Beatles suka yi kai tsaye a shirin Top of the Pops a 1966, sai a 2019 aka yi ta murnar samun wani guntu na daƙiƙa 11 da wani ya ɗauka daga fuskar talabijin. Idan haka ta faru a Landan, sai a ƙiyasta abin da zafi da laima da ƙura suka yi wa kaset a ɗakunan ajiyarmu. Abin da ya tsira sau da yawa shi ne wanda wani mai sha'awa ya naɗa a gidansa da bidiyon VHS.

Daga nan sai kwafi ya hau kan kwafi. Kaset ɗin VHS duk lokacin da aka juye shi zuwa wani sai ya rasa wani abu, launi ya dushe, sauti ya ƙara shuu. An juye shi a Ƙofar Wambai a Kano, wani ya saya ya sake juyewa, aka mayar da shi faifan VCD, aka matse shi ya shiga ƙananan wayoyin da ake tura wa abu ta bulutut, wani ya ɗora shi a YouTube, mai shago ya sauko da shi ya zuba maka a memori. Brian Larkin, a littafinsa Signal and Noise na 2008, ya yi dogon bayani a kan yadda wannan dusashewa ta zama ruwan dare a kasuwar bidiyon Kano har ido ya saba da ita. Don haka rubutun HD da ake mannawa a bango ba ya nufin komai. Abin da ya zube a hanya ba ya dawowa don an canza masa mazubi.

Akwai kuma lissafi mai sauƙi. Faifan DVD na yau da kullum yana ɗaukar gigabait 4.7, abin da ya isa kusan awa biyu na hoto mai kyau. Idan aka ce maka an zuba awa goma a faifai ɗaya, to an matse ne har fuskar mawaƙi ta koma dabbare-dabbare. Yawan waƙoƙin da ake yi maka talla da shi, shi ne ainihin abin da ya ɓata su. Faifan da aka ƙona a kwamfutar shago kuma ba ɗaya yake da wanda aka buga a masana'anta ba. Na shago rini ne a cikinsa, rana da zafi suna cinye shi, wanda ya bar shi kwana biyu a gaban mota ya san haka. Memori ma akwai na jabu, wanda zai nuna maka girman da ba shi da shi, sai ka je gida rabin abin da aka tura ya ƙi buɗewa.

Babbar yaudarar ita ce sautin da aka yi wa rigar bidiyo. A ɗauko waƙar faifan garmaho ko ta rediyo, a jera mata hotunan dawaki da fadar sarki suna wucewa, a kira ta bidiyo. Ibrahim Narambaɗa ya rasu tun farkon shekarun 1960, lokacin da talabijin ba ta ko zauna da gindinta a Arewa ba. Duk wanda ya miƙo maka bidiyon Narambaɗa, ka sa ran irin wannan ne. Waƙar tana nan da daɗinta, amma kuɗin sauti ya kamata ka biya.

Duk da haka ba na cikin masu cewa a bar tarin kwata-kwata, domin akwai abin da ido ke gani wanda kunne ba zai taɓa ba ka ba. Wanda ya san Shata ta rediyo kawai ya san rabinsa ne. A bidiyo ake ganin yadda yake tsaye kamar ba abin da ya dame shi, ya ɗan juya kai, masu kalangu su sauya, 'yan amshi su shigo daidai inda ya ajiye. Ana ganin yadda makaɗi ke matse tsarkiyar kalangu a hammata ya sake ta, gangar ta yi magana. Ana ganin lokacin da wani babban mutum ya shigo fili, Shata ya hango shi, nan take ya saƙa sunansa a cikin waƙar da ba ta san da shi ba a jiya. Wannan ne ya sa waƙa ɗaya tasa, ko Bakandamiya ce, takan fito da fuska daban-daban a wurare daban-daban, kuma shi ya sa wanda ya mallaki faifan kamfanin EMI bai mallaki abin da ke cikin bidiyon wani biki ba. Haka Ɗanmaraya, wanda ya rasu a 2015: sai ka ga ƙanƙantar kuntigin nan mai tsarkiya ɗaya a hannunsa kafin ka yarda cewa duk wannan sauti daga gare shi yake fitowa. Barmani Coge, da ta rasu a 2013, kiɗan ƙwaryarta rabi rawa ce da shewar mata, kaset ɗin sauti ba ya ɗaukar wannan. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Shata a 1999. Ba za a sake ɗaukar wani sabo ba, kuma na'urar kallon VHS ta ƙarshe a duniya kamfanin Funai na Japan ya ƙera ta a 2016. Wani lokaci wannan kwafin mai hazo da ke shagon unguwa shi ne kaɗai abin da ya rage a hannun jama'a na wani wasa.

Wani abin da ke ba ni haushi da waɗannan tarin shi ne wanda suka manta. Tirkaniya unguwa ce ta mutane iri-iri, kuma Kaduna ta yi nata babban rukunin makaɗan zamani: Bala Miller da Great Music Pirameeds, masu waƙar Ikon Allah, waɗanda suka yi zamani a Costain Club, kuma shi Miller ya yi shirinsa a NTA. Bala Miller ya rasu a 2003. Idan akwai wanda ya dace a yi wa akwatin fina-finai irin na Turawa a wannan gari, shi ne, tun da aikinsa a gaban kyamara aka yi shi. Amma da wuya ka ji mai shago ya ambace shi.

Sai batun bayani. Tarin kasuwa ba ya gaya maka yaushe aka yi wasa, a wane gari, wa aka yi wa waƙar, su wa ke kiɗa. Sunan fayil ɗin ma sau da yawa kuskure ne, ko an yanke farkon waƙa inda mawaƙi ke faɗin dalilinta. Abin takaici, ilimin yana nan a rubuce. Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kan Shata a Jami'ar Indiana tun 1975. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa a 1988. A nan Kaduna aka buga Shata Ikon Allah na Ibrahim Sheme da abokan aikinsa a 2006. Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara tarihin makaɗa da matanin waƙoƙinsu a littattafai da dama. Masu littafi suna gefe guda, masu bidiyo suna wani gefen, ba wanda ya haɗa su a akwati ɗaya. Mai son ya amfana da abin da ya saya, sai ya nemi littafin da kansa ya ajiye kusa.

Kada kuma mai saye ya ɗauka yana taimakon iyalan mawaƙi. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, wato waƙoƙin Shata suna da masu su har 2069. Kuɗin da ka ba mai turi ladan turawa ne, a aljihunsa yake tsayawa. Ba na ɗora wa yaron shago laifin duka, tun da babu wani tari na halal da aka buga aka kawo masa ya ƙi sayarwa. Amma in aka ce maka wannan na asali ne don a ƙara kuɗi, ka nemi ganin sunan kamfanin da ya buga da adireshinsa.

A ganina, wanda ke da intanet mai ƙarfi da haƙurin bincike ba ya bukatar tarin, domin mafi yawansa daga YouTube aka kwaso. Wanda zai saya wa dattijon da ba ya hulɗa da data, ko mai gudun ranar da za a sauke bidiyon daga intanet a neme shi a rasa, ya saya, amma a farashin turi. Kafin ya biya, ya sa a buɗe masa a shagon, ya zaɓi waƙa daga tsakiya da ƙarshen jerin, tun da masu kyau a farko ake jera su. Ya duba ko bakin mawaƙi yana tafiya da sauti, ya ja zuwa ƙarshen waƙa ya ga ko ta kai ko an datse ta. Wasa biyar cikakku sun fi guntaye ɗari. Ya tafi da memorinsa da ya saya a wurin da ya yarda da shi, in ya dawo gida kuma ya juye abin a kwamfuta ko wata waya a ranar, ya tambayi dattijon gidan ko ya gane wurin da mutanen da ke cikin hoton, ya rubuta abin da ya faɗa a jikin sunan fayil ɗin.