Tsohon Ginin Ƙasa Ba Abin Kunya Ba Ne: Faɗakarwa Ga Matafiya A Ƙasar Adar

Wata magana ta zama ruwan dare a tashoshin mota da majalisun hira na Tawa da ƙauyukanta, wai tsohon ginin ƙasa alama ce ta talauci da ci baya, kuma tsayawa kallonsa aikin Turawa ne da waɗanda suka rasa abin yi. Wannan magana ce ta sa matafiyi yake wuce wuraren tarihi ko waiwaye babu, ita ce kuma take sa da zarar ɗan gari ya dawo daga biɗa, wato neman kuɗi a ƙasashen waje, sai ya ga babu alherin da zai yi wa garinsu kamar ya rushe masallacin kakanni ko ya lulluɓe shi da siminti.

Wuraren tarihi su ne duk abin da magabata suka bari a ƙasa, kamar tsofaffin masallatai da fadoji da maƙabartu da kufai, wato garin da mutanensa suka tashi suka bar shi, kuma Adar ba ta rasa ko ɗaya daga cikinsu ba. A shekarar 1674 Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammadu Mubarak, ya ci ƙasar da yaƙi, daga gare shi ne kuma sarautar Sarkin Adar ta samo tushe, wadda ta zauna a Birnin Adar kafin ta koma Illela. Can arewa a Azawak akwai kufan In Teduk, inda malamai suka zauna suka bar masallaci da kaburbura. Masanin tarihi Djibo Hamani, wanda jami'ar Tawa take ɗauke da sunansa, ya fitar da littafi sukutum a kan tarihin Adar kafin zuwan Turawa tun a 1975, amma abin takaici, ɗalibi yakan gama karatunsa bai taɓa taka ko ɗaya daga cikin wuraren da aka ambata a ciki ba.

Amsar masu raina ginin ƙasa tana tsaye a Yama, wani ƙauye na yankin Badagishiri. A 1962 mutanen garin suka ɗora wa Falke Barmu, magini kuma manomi, aikin gina masu masallacin Juma'a, kowane gida ya kawo gudummawarsa, wasu na buga tubali, wasu na jido ruwa, wasu na kawo itace. Daga 1975 zuwa 1982 ya sake rufin da bakan gizo, wato lanƙwasasshen gini da ke ɗaukar nauyin rufi, ya ɗora tulluwa a tsakiya, sannan ya tayar da hasumiya huɗu a kusurwoyi, kowace da siffarta dabam da ta ƴar'uwarta. A 1986 wannan masallaci ya samu kyautar Aga Khan, ɗaya daga cikin manyan kyaututtukan zayyanar gine-gine na duniya, ya shiga littattafan da ake koyar da masu zanen gini a ƙasashe masu nisa. Idan har laka da kwaɓaɓɓiyar ciyawa abin kunya ne, to da me ɗan ƙauyen Adar ya tsere wa masu ƙarfe da gilashi? Haka hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, da ƙasa aka yi ta, kuma tana cikin abin da ya sa hukumar UNESCO ta shigar da tsohon birnin cikin kayan tarihin duniya a 2013.

Masu cewa siminti yana kare ginin ƙasa su ma sun yi kuskure babba. Katangar ƙasa takan sha danshi da damina, ta fitar da shi idan rana ta buɗe, to idan aka shafe ta da siminti sai a toshe mata hanyar fitar da shi, ruwan da ya shiga ta tsaga ko ya taso daga tushe ya maƙale a ciki yana cin ƙasar a ɓoye. Daga waje bango yana sheƙi, amma wanda ya ƙwanƙwasa shi da yatsa zai ji ƙarar rami, har ranar da fallen simintin zai ɓalle ya faɗo tare da rabin katangar. Maganin da magina suka sani tun fil azal shi ne yaɓe kafin damina, da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da ke sa yaɓe ya jure ruwa, da gyaran indararo don kada ruwan rufi ya bi jikin bango. Da yaɓen gayya na shekara-shekara mutanen Jenne a Mali suke riƙe da babban masallacinsu. Ga kuma sanyin da kaurin bangon ƙasa yake bayarwa a bazara, lokacin da zafin Tawa yake haura maki 40, abin da ɗakin kwano da bulo ba ya bayarwa sai da wutar lantarki.

Wanda ya ce jama'a sun ƙaru, tsohon masallaci ya yi kaɗan, ya je Dandaji ya gani. Can ma akwai masallacin ƙasa da ya tsufa ya fara lalacewa, sai masu zanen gini Mariam Kamara, ƴar Nijar, da Yasaman Esmaili suka gyara shi aka mayar da shi ɗakin karatu, aka gina sabon masallaci mai ɗaukar kimanin mutum 1,000 a gefensa da tubalin ƙasa da aka matse da inji, aka kammala a 2018. Gari ya samu sabo bai rasa tsoho ba. Gaskiya ne zaizayar ƙasa da gara da ƙaura su ma suna yi wa gine-gine ɓarna, sai dai ɓarnarsu ba ta kai ta raini ba.

Saboda haka akwai ladubban da suka wajaba a kan mai ziyara. Da farko ya tambayi hukuma da mutanen gari halin hanya, musamman idan ya nufi arewa inda ake fama da matsalar tsaro, kada son kallo ya kai shi ga halaka. Idan ya isa, ya fara da gaida maigari ko liman, ya nemi izini, ya kuma nemi dattijon da zai zagaya da shi, domin bango ba ya faɗin wanda ya gina shi. Ya tuɓe takalmi a ƙofar masallaci, ya kauce wa lokacin salla idan kallo ya kawo shi, kada ya ɗauki hoton mutum sai da yardarsa. Kada ya hau rufi ko hasumiya sai an ba shi dama, tun da azara tana da iyakar nauyin da take ɗauka. Kada ya kankare bango da ƙusa don rubuta sunansa, halin banza da wasu samari suka ɗauka burgewa, alhali kowane karce kafa ce ta ruwa. A kufai kuwa, kada ya taka kabari, kada ya tona, kada ya tsinci katangar tukunya ko tsakiya ya sa aljihu, domin abin da aka ɗauke daga mazauninsa ya daina ba da shaidar zamaninsa. Dokar Nijar ta 1997 a kan kare kayan tarihi ta hana tono ba tare da izini ba, kuma wawashe kufan Bura da aka yi a yammacin ƙasa ya isa darasi. In yana da niyyar alheri, ya ba da ita a asusun yaɓe, ya biya ɗan rakiyarsa haƙƙinsa, ya sayi abin da mutanen gari suke sayarwa.

Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Wajibi ne malaman makaranta su riƙa kai ɗalibai Yama da Dandaji da Illela, sarakuna da limamai su hana rushe tsohon gini kafin a shawarci magina, masu hannu da shuni kuma su sani cewa kuɗin da zai rushe masallaci ya sake shi da bulo zai isa a yi masa yaɓe na shekaru masu yawa.