Tangaran na Zamani: Taurinsa, Rauninsa da Aikinsa a Masana'antu

Tangaran na zamani dangin tukunya da tulu ne, domin duka ana siffanta su ne da ɗanyensu sannan a gasa su su taurara. Bambancin yana wajen kayan haɗi. Maginiyar tukwane tana aiki da yumɓu yadda aka haƙo shi, masana'anta kuwa garin sinadari take amfani da shi wanda aka tace sarai, irin su alumina da zirkoniya da silikon kabaid da silikon naitiraid. Alumina, wanda ya fi yawa a cikinsu, daga ma'adinin boksait ake samunsa, wanda ƙasar Gini take da shi jibge.

Garin yana da laushi ƙwarai, sau da yawa ƙwayarsa ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. Ana matse shi a mazubi, a sa shi cikin tanda mai zafin da kan kai digiri 1,600 a ma'aunin Salshiyas idan alumina ne. Ba narkewa yake yi ba: ƙwayoyin ne suke mannewa da juna, ramukan da ke tsakaninsu su toshe, kayan ya ƙanƙance da kusan kashi 20 cikin 100. Da zarar ya fito, gyara shi sai da dutsen washi mai lu'ulu'u.

Halayensa duka sun samo asali ne daga yadda ƙwayoyin zarra suke riƙe da juna gam a cikinsa. Alumina ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 2,000, zirkoniya sai wajen 2,700, alhali baƙin ƙarfe yana zama ruwa a kusan 1,500. Tangaran ba ya tsatsa, kuma yawancinsa ba ya barin lantarki ya ratsa. Farin ɓangaren fulogin mota ko na babur alumina ne. Bakinsa yana cikin wutar injin, yana tare lantarki mai ƙarfin dubban bolt kada ya zille, ya yi zafi ya huce ba adadi, duk da haka bakanike yakan goge shi ya mayar.

Wannan riƙon ne kuma tushen rauninsa. Idan aka bugi ƙarfe, jerin ƙwayoyinsa sukan zame a kan juna, sai ya lanƙwashe ko ya lotsa. Na tangaran ba sa zamewa, don haka ba ya gargaɗi kafin ya fashe. A 1921 injiniyan Ingila A. A. Griffith ya wallafa bayanin cewa irin wannan fashewa daga ƙananan tsagogin da ido ba ya gani take farawa, inda duk nauyin da aka ɗora yake taruwa a bakin tsaga. Shi ya sa tangaran yake jure danniya fiye da ja nesa ba kusa ba, tun da danniya rufe tsaga take yi, ja kuwa buɗe ta. Rabin aikin masana wannan fanni yaƙi ne da tsaga.

Babbar nasara a yaƙin ta zo a 1975, lokacin da Garvie da Hannink da Pascoe a Ostareliya suka nuna abin da zirkoniya zai iya. Tsarin ƙwayoyinsa yana sauyawa gwargwadon zafi. Idan aka haɗa shi da ɗan sinadari kamar itiriya, yakan tsaya a tsarin da yake da shi cikin tanda ko bayan ya huce. Tsaga tana kunno kai, ƙwayoyin da ke bakinta sai su juye zuwa ɗaya tsarin, su kumbura da kusan kashi 4 cikin 100, su matse ta ta kasa ci gaba. Dabara ce mai ban sha'awa, domin ɓarnar ce take tayar da maganinta. Da irinsa ake yin haƙoran roba masu ƙarko da fararen wuƙaƙen girki na Kyocera ta Japan.

Silikon kabaid ya girmi irin wannan zirkoniya. Edward Acheson ya samar da shi a Amurka a 1891, aka daɗe ana washi da guga da shi, yanzu kuma yana cikin na'urorin sarrafa wutar motoci masu lantarki. A wayar hannu akwai ɗaruruwan ƙananan ma'ajiyan caji na bariyom taitanet. Wani nau'in kuma yana fitar da lantarki idan an danna shi, yana karkarwa idan an ba shi lantarki, kuma shi ne zuciyar na'urar hoton ciki a asibiti. Kumbon Columbia da ya tashi a 1981 an lulluɓe shi da dubban fale-falen silika don kare shi daga zafin dawowa duniya.

A jikin ɗan Adam, likitan Faransa Pierre Boutin ya dasa gaɓar ƙugu ta alumina a 1970. Amma a 2001 an janye wasu kawunan ƙugu na zirkoniya daga kasuwa saboda fashewa, domin danshi yana iya sa sauyin tsarin nan ya auku a hankali ba tare da tsaga ba. Tun daga nan aka fi karkata ga haɗin alumina da zirkoniya a wannan aikin.