Me ya sa labarin Aliyu Namangi ya dace da diramar makaranta?

Jama'a, masu sauraron waƙar Imfiraji a waya, kun san wanda ya tsara ta makaho ne? Aliyu Namangi na Zariya ke nan, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa na dakta. Da ka yake tsara baitocinsa.

Irin tarihin nan ne ya kamata 'yan firamaren Lolo da Bagudo su yi wasan kwaikwayonsa. Dalili? Yaron da aka ɗaure wa ido, ya haddace baiti, ya laluba hanya gaban 'yan ajinsu, da wuya ya sake tsokanar makaho a kasuwa. Nasiha ana mantawa, amma abin da jiki ya ɗanɗana yana zama. Finafinanmu sun saba nuna makaho da ƙoƙon bara. A makaranta kuwa, a nuna shi malami.