Wasan biyar: a fara da gyaran hannu

A Maradi, Damagaram da Yamai, kusa da fadar samari, sau da yawa za ka ga wani tebur mai koren ƙyalle da ramu 6. Wasan da ake yi a kansa Faransawa suna ce masa biyar. Ba biyar ta lissafi ba ce, sunan ne ya zo haka. Ƴan Najeriya kuma sinuka suke cewa.

Ƙwallayen wasan 15 ne, da fara guda ɗaya. Farar kaɗai ake bugu da sanda, ita kuma ta tura sauran cikin rami. Mai tebur yana karɓar kuɗi kowane wasa, kuma galibi wanda aka ci shi ke biya. Ka ga ke nan wanda bai iya ba, kullum aljihunsa ke kuka.

To, mi ya sa mutum zai yi shekara 3 yana wasa, amma bai ƙaru ba? In ya kuskure rami sai ya ce idonsa ne bai auna daidai ba, ko ya ce teburin ya karkace. Wani lokaci gaskiya ne. Amma yawanci laifin yana hannu. Ido ya auna daidai, sanda ce ba ta tafi miƙe ba. A teburin irin na Amurka, faɗin ƙwallo milimita 57 ne, bakin ramin kusurwa kuwa kusan faɗin ƙwallo 2. In sanda ta goce kaɗan a nan, kafin ƙwallo ya kai can ya bar hanya.

Abin wuyar shi ne ba ka ganin kanka. Hannun da ke bugu yana bayanka, idonka yana gaba. Shi ya sa ake neman malami. Ka tuna ranar da ka fara riƙe alƙalami a aji? Ka damƙe shi kamar zai gudu, har yatsu suka yi ciwo. Sai da wani ya kama hannunka ya sassauta shi. Sandar biyar ma haka take.

Malamin kirki ba zai fara nuna maka bugun burgewa ba. Zai tsaya bayanka ya duba tsayuwarka. In da dama kake bugu, ƙafar dama tana kan layin bugu, ta hagu gaba kaɗan. Ka sunkuya, haɓarka ta yi kusa da sanda. Hannun hagu a shimfiɗe kan tebur, sanda tana zamewa tsakanin babban yatsa da na kusa da shi. Tsakanin hannun nan da farin ƙwallo, ka bar kamar taƙi ɗaya, wato wajen santimita 20.

Yanzu hannun dama, inda aikin yake. Nauyin sanda bai wuce giram 500 zuwa 600 ba, saboda haka ba ta bukatar damƙa. Riƙe ta kamar ka riƙe ɗan tsako: kar ya kuɓuce, kar kuma ka murƙushe shi. Daga gwiwar hannu zuwa ƙasa ne kaɗai ke motsi, gaba da baya kamar lilo. Kafaɗa ba ta motsi. Kai ma ba ya motsi. Ka ja sanda baya a hankali, ka ɗan dakata, sannan ka sake ta gaba. Kar ka tsaida ta da zarar ta taɓa ƙwallo. Bar ta ta wuce inda ƙwallon yake da, kamar santimita 10. Kuma ka zauna a sunkuye har ƙwallo ya yi nisa. Masu gaggawar ɗaga kai su ga ko ya shiga, su ne ba ya shigar musu.

Akwai gwaji 2 da malamai suke ba ɗalibi. Na farko ko tebur na wasa ba ya bukata. Ka kwantar da kwalbar lemo wadda ba kome cikinta, ka riƙa shigar da bakin sanda cikin bakinta kana fitarwa, ba tare da ka taɓa ta ba. In ka ji ƙas, hannu ya goce. Na biyu, ka bugi farin ƙwallo a tsakiyarsa, ya tafi miƙe har ƙarshen tebur ya dawo. Kar ka ɗauke sanda. In bugunka daidai ne, zai dawo ya taɓa bakinta. In ya bi dama ko hagu, ba a tsakiya ka same shi ba. Gwajin nan ba ya da daɗi, kuma abokai za su yi maka dariya. Bar su.

Wajen zaɓen malami, ba lalle wanda ya fi kowa cin wasa ba. Wani gwani ne, amma bai iya bayani ba. Nemi mai haƙuri, wanda zai gyara maka abu ɗaya a rana. Ku daidaita kuɗi tun farko, ku zo da hantsi lokacin da tebur ba cinkoso. In akwai salula, a ɗauke ka bidiyo ta baya, ka ga gwiwar hannunka da idonka. Darasi da caca kuwa ba su haɗuwa, don mai tsoron asara hannunsa rawa yake.

Sai hannu ya miƙe sannan a shiga koyon murza ƙwallo, ya tsaya cik ko ya dawo baya. Abin da ke sa haka shi ne ƴar fatar da ke bakin sanda. Wani sojan Faransa mai suna Mingaud ne ya fito da ita a farkon shekarun 1800. Ka riƙa goga mata alli kafin bugu, don kar ta zame. Kuma kar ka caka sanda ƙasa da ƙarfi. In ƙyallen ya yage, kai da mai tebur ne.